Tattaki a tudun heda na Ilkley: jagora ga 'yan'uwa mazauna arewacin Ingila

Daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, tuddan arewacin Ingila kan rine su koma shunayya har iya ganin ido. Abin da ke rina su wani ɗan tsiro ne da ake kira heda, gajere, mai kaushin reshe da ƙananan furanni, wanda da wuya ya wuce gwiwar mutum. Yana son ƙasa mai tsami marar taki, inda itatuwa ba su da yawa, shi ya sa inda ya mamaye sai ka ga fili fetal, ba gida, ba inuwa, daga kai sai sama da iska da tumaki. 'Yan'uwanmu da yawa da ke karatu ko aiki a Leeds da Bradford da Sheffield da Manchesta suna hango waɗannan tuddai ta tagar jirgin ƙasa shekara da shekaru ba su taɓa taka su ba. Wani yana ganin gonar wani ce, za a kore shi. Wani kuma yana ganin abin na Turawa ne. Ina so mu riƙa zuwa, domin wurin yana wanke zuciya bayan watannin zaman ɗaki da sanyi, kuma kusan kyauta ne. Amma ina so mu je da shiri, saboda abin da muka sani game da daji a gida, wato tsoron rana da ƙishirwa, ba shi ne abin tsoro a can ba. A can jiƙewa da iska da hazo ne ke kayar da mutum, kuma sun fi kayar da wanda ya raina wurin don ya ga gari na kusa.

Zan ɗauki tudun Ilkley a matsayin misali, domin shi ya fi sauƙin zuwa ga wanda bai da mota. Abin da ya shafe shi ya shafi tuddan Peak District da na North York Moors.

Da farko, san haƙƙinka

Ba alfarma ake yi maka ba. A ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchesta, suka hau tudun Kinder Scout da ke Peak District da gangan, alhali masu filin sun hana talaka shiga don kada a dami tsuntsayen da suke farauta. An ɗaure mutum biyar daga cikinsu. Gwagwarmayar ta ci gaba har aka buɗe Peak District a 1951 a matsayin gandun ƙasa na farko a Birtaniya, sannan a shekarar 2000 aka yi dokar da ta ba kowa izinin tafiya da ƙafa a galibin tuddai da filayen heda na Ingila da Wales, ko da filin mallakar wani ne. Izinin na tafiya ne da hutawa da cin guzuri. Bai haɗa da kunna wuta ko kafa tanti ko hawa keke a inda ba hanyarsa ba. Mai fili yana da damar rufe wurinsa na 'yan kwanaki a shekara, kuma akan manna sanarwa a ƙofar shiga, don haka karanta duk allon da ka gani. Tudun Ilkley kansa na ƙaramar hukumar Bradford ne, a buɗe yake kullum.

Zaɓen rana

In furanni kake so ka gani a cike, nufi mako biyun ƙarshe na Agusta. Akwai wani nau'in heda mai manyan furanni masu duhun launi da ke rigan sauran buɗewa tun Yuli, amma wanda ke rufe tudu gaba ɗaya sai Agusta. Lokacin rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na yamma, kana da sarari. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu duhu ya shiga, kuma ban ba sabon shiga shawarar ya fara a wannan lokaci ba.

Duba hasashen hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office, da daddare, ka sake dubawa da safe. Kada ka tsaya a hoton rana ko girgije kawai. Duba ƙarfin iska, ka duba ko an ce za a ga nesa. In an ce iska za ta kai mil 30 a awa, ko an ce girgije zai sauko ƙasa-ƙasa, ɗage tafiyar, tudun ba ya gudu. Ka kuma riƙe a ranka cewa duk hawan mita 150 sanyi kan ƙaru da kusan digiri ɗaya, iska kuma ta ninka shi a jikinka. Rigar da ta ishe ka a bakin tasha ba za ta ishe ka a ƙololuwa ba.

Daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba lokacin harbin wani jan tsuntsu ne dangin su fakara, wanda ke rayuwa a cikin heda yana cin tohonta. Bradford ta daina ba da izinin wannan farauta a tudun Ilkley a 2018, amma ana yi a tuddan da ke maƙwabtaka da shi. In ka ji ƙarar bindiga ko ka hango mutane a jere suna kaɗa tutoci, tsaya a kan hanya, ka bi abin da suka ce maka. Ranar Lahadi doka ta hana wannan harbi.

Sutura

Nan nake so in daɗe, domin nan muka fi yin sakaci. Auduga abokiyarmu ce a ƙasar zafi saboda tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Wannan halin nata shi ne illarta a kan tudu. Ka yi gumi wajen hawa, singiletin auduga ya jiƙe, ka isa sama iska ta buge ka, sai jiki ya fara zubar da zafinsa ba tsayawa. Wandon jins ya fi muni: in ya sha ruwa ya yi nauyi, ya manne a cinya, ba zai bushe ba sai ka koma gida. Saka riga ta ciki irin ta 'yan wasan ƙwallo ko ta ulu, ka ɗora mai ɗumi marar nauyi, sannan rigar ruwa mai hula wadda iska ba ta ratsa ta. Uku masu sauƙi sun fi jibgegiyar riga ɗaya, domin za ka riƙa cirewa kana mayarwa. Fara hawa kana ɗan jin sanyi, minti goma za ka ɗumama. Da ka tsaya hutawa, mayar da riga kafin sanyin ya kama ka. Lema ba ta da amfani a can, iska za ta juya ta. Hular sanyi da safar hannu su zauna a jaka ko a Agusta.

Takalmi ya zama mai tudun tafi da ke kama ƙasa, in da hali wanda ya rufe idon sawu kuma ruwa ba ya shiga. Kada ka fara sa sabon takalmi ranar tafiya, yi yawo da shi a gari na kwanaki tukuna. Safa mai kauri, da wata ta canji a cikin leda. In kuɗi ya yi kaɗan, shagunan kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da ke kowane gari sukan sami rigunan ruwa da takalma masu kyau da araha.

Ga 'yan'uwa mata, babu abin da zai hana ku zuwa cikin sutura ta mutunci. Abaya mai jan ƙasa ce matsala, domin reshen heda yana kama ta, gindinta ya sha laka, iska kuma ta naɗe ƙafa a wurin hawa dutse. Doguwar riga zuwa gwiwa a kan wando mai faɗi ta fi, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin rigar ruwa. Ƙungiyar Muslim Hikers tana shirya tafiye-tafiye a rukuni a irin waɗannan wurare, ga wanda yake so ya fara cikin jama'a.

Abin da ke cikin jaka

Ruwa lita ɗaya da rabi, kuma kada ka sha na rafin tudu, tumaki na mutuwa a cikinsa ba ka sani ba. Shayi mai zafi a filas. Abinci fiye da yadda kake zato: burodi da ƙwai, dabino, gyaɗa, dambun nama in an kawo maka tsaraba. Tocila, usur, filasta don kumburin ƙafa, ɗan abin cire kaska da ake sayarwa a kantin magani, fawa-bank, da leda ta kwaso shararka. Akwai kuma wata jakar leda mai launin ruwan lemo da mutum ke shiga ciki in ya ji rauni yana jiran taimako. Ba ta da tsada, ba ta da nauyi, kuma ita ce ke tsakanin mai karaya da sanyin da zai iya kashe shi.

Taswira ta takarda dole ce. Nemi ta Ordnance Survey (OS), hukumar zana taswira ta Birtaniya, jerin Explorer, lamba 297 ce ta Ilkley. Santimita 4 a kanta kilomita ɗaya ne a ƙasa. Ɗigo-ɗigon kore hanyar jama'a ce, wurin da aka shafa wa ruwan ɗorawa mai haske shi ne filin da doka ta buɗe, layukan da suka matsu da juna kuma gangare ne mai tsanani. Manhajar OS Maps tana da kyau, amma sauke taswirar a waya tun daga gida, domin sabis kan ɗauke a kwari, sanyi kuma yana shanye batir. Sayi kamfas ka koyi abu ɗaya ko da shi kaɗai ne: shimfiɗa taswira, ka juya ta har samanta ya dace da inda jan kan allura ke nunawa. Daga nan abin da ke dama a takarda yana damarka a ƙasa.

Kafin ka fita, gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo, da lokacin da zai kira 'yan sanda in bai ji ka ba. Aika kalmar register a saƙon tes zuwa 999, lambar kiran gaggawa, ka bi umarnin da za a turo, don ka iya neman agaji da tes in sabis bai isa kira ba. Tafiyar farko a yi ta mutum biyu ko uku.

Hanyar kanta

Jirgin ƙasa daga Leeds ko daga tashar Forster Square ta Bradford yana kai ka Ilkley cikin wajen rabin awa. Da ka fito tasha, ga tudun can a kudu ya tokare sama. Bi titin Wells Road ka yi ta hawa har gidaje su ƙare, ka ƙetare ƙarfen da aka shimfiɗa a titi don hana tumaki shiga gari. Za ka hango wani farin gida shi kaɗai a jikin tudu, White Wells ke nan, tsohon wurin wankan ruwan sanyi da mutane ke zuwa neman lafiya a zamanin da. Tsaya nan ka gyara igiyar takalmi, ka cire riga ɗaya.

Bayan gidan hanya ta miƙe sama ta matakalar duwatsu. Nan ne wuri mafi wuya a duk tafiyar. Yi gajerun taku, ka tafi da saurin da za ka iya magana ba haki. Mai rauni a cikinku shi ne zai shige gaba, sauran su bi saurinsa. Da ka haura duwatsun, waiwaya ka ga kwarin kogin Wharfe da garin a ƙasa, ka lura da siffar wurin da ka fito, domin hanya kan canja kama in ana dawowa.

Daga nan ƙasa ta kwanta, heda ta buɗe ta ko'ina. Tsuguna ka duba reshe ɗaya kusa: furannin ba su kai ƙwayar dawa ba, jere a jikin reshe, ƙudan zuma na bin su ɗaya bayan ɗaya, in rana ta fito kuma ƙanshin zuma ne ke tashi daga ƙasa. Masu kiwon zuma kan kawo amyoyinsu bakin tuddai a wannan wata saboda haka. A tsakanin heda akwai wani gajeren tsiro mai koren ganye da 'ya'ya baƙi-baƙi masu rina baki, ana ci, amma kada ka ci komai sai wanda ya san wurin ya nuna maka. Jan tsuntsun nan zai iya tashi fir daga gab da ƙafarka da kuka mai ƙarfi, gabanka ya faɗi. Ba komai, ci gaba.

Hanya za ta gangara ta ƙetare wani ɗan rafi, sannan ta hau kan faffaɗan duwatsu da aka jera a kan laka. Bi su kudu har ka isa wani da'irar duwatsu goma sha biyu a tsaye da ake kira Twelve Apostles, waɗanda mutanen zamanin tagulla suka kafa shekaru dubbai da suka wuce. Akwai ɗaruruwan duwatsu a wannan tudu masu zanen ramuka da zobba na mutanen da. Duba da ido, kada ka hau, kada ka kankare. Kaɗan kafin da'irar wata hanyar duwatsu ta yi yamma zuwa ƙololuwa, inda aka kafa ɗan ginshiƙin siminti a tsayin mita 402. Je ka dawo ta inda ka bi, ka koma arewa har bakin duwatsun da ka haura da safe, sannan ka karkata gabas zuwa Cow and Calf, wani ƙaton dutse da ƙaraminsa a gefe, saniya da ɗan maraƙinta. Daga nan titi ya gangara gari. Duka wajen kilomita 10 ne da hawan mita 300. Lissafin masu hawan tudu shi ne awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara minti ɗaya ga kowane mita 10 na hawa. Wannan ya ba da awa biyu da rabi ba tsayawa, don haka ware awa huɗu.

In azahar ta same ka a sama, alƙibla tana kudu maso gabas, wajen digiri 118 a kamfas. Fito da alwalarka daga gida in za ka iya, ka nemi faffaɗan dutse a bayan iska, ka danne sallayar leda da jaka. Masu wucewa sukan gaisa su wuce, domin al'adar tudu ce kowa ya gai da wanda ya haɗu da shi.

Karanta ƙasa kafin ka taka

Baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin heda gansakuka ce da ta ruɓe a cikin ruwa, tana taruwa wajen milimita ɗaya a shekara. Zurfin mita ɗaya aikin shekara dubu ne, shi ya sa aka jera duwatsu don kada ƙafafu su cinye ta. Tsaya a kansu ko da kana ganin gefe ya fi laushi. Inda babu duwatsu, tsiro zai gaya maka abin da ke ƙasa. Heda mai tsayi da duhu, ƙasa busasshiya ce. Ciyawa mai farin gashi a ka, ruwa na kusa. Shimfiɗa mai kore shar, sumul, wadda ta fi ko'ina kyau, ita ce tarko: laka ce da za ta iya haɗiye ka zuwa cinya. In ka faɗa, kada ka yi ta fizga. Jingina baya, ka baza nauyinka, ka zaro ƙafa ɗaya a hankali, ka koma ta inda ka fito. Yanke hanya ta cikin heda kuma ba ya rage lokaci, ramuka na ɓoye a ƙarƙashinta, nan ake targaɗe.

Daga Maris zuwa Yuli tsuntsaye na ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, wannan ma dalili ne na tsayawa a hanya. Duk ƙofar da ka samu a rufe, rufe ta bayanka. Shanu masu 'yan maruƙa a gonakin gindin tudu, ba su fili, kada ka ratsa tsakanin uwa da ɗanta.

In hazo ya sauko

Hazon can ba irin na hunturunmu ba ne mai ƙura da bushe leɓe. Girgije ne da kansa ya zauna a kan tudu, jiƙaƙƙe, kuma cikin minti kaɗan zai iya hana ka ganin abin da ya wuce taku ashirin. A fili marar itace ko gini, ko'ina kama ɗaya ne, mutum kuma in ba ya ganin alama yakan yi ta kewaya yana zaton miƙewa yake. Da ka ga tudun da ke gabanka ya fara ɓacewa, tsaya tun kana ganin wani abu. Tara mutanenka wuri ɗaya, kowa ya sa rigar ruwa. Nemo inda kake a taswira, ka daidaita ta da kamfas. A Ilkley gari yana arewa, amma akwai duwatsu masu tsayi a wannan gefen, don haka hanyar da ka hau ita za ka bi ka sauka, kada ka miƙe kai tsaye. In zuciyarka ta ce gabas, kamfas ya ce yamma, bi kamfas. Komawa daga rabin hanya ba abin kunya ba ne, kuma shawarar ta fi sauƙi in kun yi ta tun a tasha: ƙarfe kaza, ko ina muka kai, juyawa za mu yi.

Riƙa duba fuskar abokan tafiya. Wanda ya fara karkarwa, yana tuntuɓe, magana na sarƙe masa, ko ya yi shiru ba halinsa ba, sanyi ya fara shiga cikinsa. Kai shi bayan dutse, cire jiƙaƙƙen kaya a sa busasshe, a zaunar da shi a kan jaka kada ya taɓa ƙasa, a ba shi shayi da dabino. In bai farfaɗo ba, ko wani ya karye, kira 999 ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce kana son masu ceton tudu. 'Yan sa-kai ne, ba a biyan ko sisi, kuma matsayin takardunka ba shi ne damuwarsu ba. Karanta musu lambar wurin da manhajar taswira ta nuna, ka zauna inda kake. Alamar neman taimako busa usur sau shida ne, a dakata minti ɗaya, a sake.

Wuta, maciji da kaska

Mu masu son gashi ne, na sani, kuma wurin yana kiran a baje a gasa nama. Kada a yi, ina roƙo. Busasshiyar heda tana kamawa nan take, baƙar ƙasar nan kuma in ta kama takan ci ta ƙarƙashi har makonni. Gobarar tudun Saddleworth kusa da Manchesta a Yunin 2018 sai da aka kira sojoji. A Afrilun 2019 tudun Ilkley ya ci wuta, a kwanakin kuma na Marsden ya kama daga murhun gashi. Yanzu an hana gashi da kunna wuta a tuddan Bradford, akwai tara. Guntun sigari ma ya isa. In ka ga hayaƙi, kira 999 ka nemi 'yan kwana-kwana, ka nisanci inda iska ke kai shi.

Maciji mai dafi ɗaya ne tak a Birtaniya, gajere mai zanen zigizag a baya, yakan sha hantsi a bakin hanya. Yana gudun mutum, kuma doka ta hana kashe shi. In ya sari wani, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kira 999.

Kaska ta fi shi zama abin lura. Ta can ƙarama ce ƙwarai, wata ba ta wuce ɗigon biro ba, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. Cusa ƙafar wando cikin safa in za ka ratsa ciyawa mai tsayi. Da ka koma gida, tuɓe ka duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu da bayan kunne, yara kuma a duba musu har cikin gashi. In ka same ta, kama ta da abin cirewa dab da fata ka ɗaga a hankali, kada ka matse cikinta, kada ka shafa mata mai ko ka ƙona ta. Wanke wurin, ka rubuta ranar. Alamar cutar wani zagayayyen tabo ne da ke faɗaɗa, yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci har wata uku. A baƙar fata ba lallai ya yi ja ba, yakan yi kama da inda aka buge jini ya kwanta ko wuri mai duhu, don haka a duba da haske sosai. In ka gan shi, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka biyo baya, je wurin likitanka ko ka kira 111, lambar neman shawarar lafiya, ka faɗa masa ka je tudu kuma kaska ta cije ka, domin maganin yana aiki sosai in an fara da wuri.